Shekara biyu ina hawan keken matan Japan

Ranar da na sauko da shi daga saman motar Kano a tashar Ringim, na hau abina na nufi ƙauyenmu, ban kai ƙofar gida ba sai da na sha tambaya sau uku. Ta ƙarshen ita ce ta fi ciwo, don a majalisar bakin masallaci aka yi min ita, a gaban jama'a. Wani abokin wasana, bamaguje ta wajen kaka, ya leƙo ya ce, "Malam, keken wace baiwar Allah ka aro? Ina sandar tsakiyar ta tafi?" Aka kwashe da dariya. Keke ne ruwan toka, da kwando a gaba, da wata raga a gefen ƙafar baya, babu sandar nan da ake ɗora yaro a kai. Ni ma da na koma gefe na dube shi, na san ba a yi masa ƙazafi ba.

Abin da ya kai ni ga sayensa ba ɓoyayye ba ne. Ni malamin firamare ne, tsakanin gidana da makarantar da nake koyarwa kilomita bakwai ne, uku a kwalta, sauran burji da rairayi. Da babur nake zuwa. Daga ranar 29 ga Mayu 2023, da aka ce tallafin mai ya tafi, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ba ta kuma tsaya a nan ba. Na daure wata huɗu, na ga albashin a tankin babur yake ƙarewa tun kafin a auno hatsi. A watan Oktoba na jingine babur a zaure, na lulluɓe shi da tsohuwar tabarma, na shiga motar Kano.

Shagon da na je ba zan faɗi sunansa ba, don akwai yabo akwai kuma ƙorafi. Wani dogon sito ne a wajen 'yan kekuna, an jibge su har kusa da rufi, an juya kawunansu an cire fedoji yadda za su shiga kwantena. Yara uku suna zaune a ƙofa suna ta haɗawa. Mai shagon dattijo ne mai haƙuri, wannan ba zan rage masa ba. Ya bar ni na gwada guda biyar, na zaga layin na dawo, bai ɗaure fuska ba. Ya sa suna 75,000, muka yi ta ja har aka tsaya a 62,000, wanda ya fi abin da nake ɗauka a wata a lokacin. Ya sa yaro ya ɗaure duk wani noti, ya ba tayoyin iska, ya ɗiga wa sarƙa mai. Ya kuma rantse min cewa wannan ɗan Japan ne na asali, ba irin na Caina ba. Abin da bai gaya min ba shi ne tayar gaba ta tsattsage ta gefe, an goge ta da baƙin mai don ta yi sheƙi, kuma mukulli ɗaya ne tak. Tayar sati uku ta yi ta fashe. Da na koma na yi masa magana sai ya ce, "Malam, ai gwanjo sa'a ne." Ya rage min 500 a kuɗin wata tayar, muka rabu a haka.

A jikin keken akwai sitika uku da rubutun da ban san kansa ba. Ɗaya a jikin ƙarfen da ke ƙarƙashin sirdi, mai lambobi, ɗaya a murfin tayar baya, ɗaya kuma ƙarama a can ƙasa. Sunan kamfanin da ya ƙera shi ya goge. Ina da ɗa, ɗan yayana, da ya yi shekara biyu yana karatun noman shinkafa a garin Tsukuba na Japan, yanzu yana aiki a Abuja. Na ɗauki hoto na tura masa ta WhatsApp don kawai ya karanta min. Sai ga saƙon murya na minti tara, rabinsa dariya.

"Baffa," in ji shi, "ka san abin da ka saya kuwa? Mamachari ne. Keken iyaye mata."

Ya ce kalmar haɗi ce, mama da chari, wato yadda suke kiran keke a bakin titi. Tun a shekarun 1950 aka fara ƙera irinsa saboda matan aure, aka sauke sandar tsakiya, aka sa kwando, amma yanzu kowa hawa yake: ɗalibi, tsoho, ma'aikacin banki da kwat ɗinsa. Shi ma irinsa ya hau duk zamansa a can. Sitika mai lambobin kuwa rajistar 'yan sanda ce ta jihar Saitama, wadda ke maƙwabtaka da Tokyo ta arewa, ɗaya daga cikin jihohinsu 47. Ta murfin taya izinin ajiye keke ne a harabar wani gidan bene na haya. Ya kuma nuna min wasu tabo huɗu a kan kariya, wato wurin ɗaura kaya na baya, ya ce nan aka taɓa ɗaura kujerar yaro.

Tun daga ranar na daina ganin keken a matsayin ƙarfe kawai. Ina hawa ina tuna wata mata da ban sani ba, wadda ta yi shekaru tana goya ɗanta a inda nake ɗaure littattafan 'yan aji biyar. Yadda ɗan nawa ya kwatanta min rayuwarta, kowane abu da ke jikin keken sai ya zama yana da dalili. A biranensu mutum ba ya yi wa mota rajista sai ya kawo takardar shaidar yana da wurin ajiye ta, wurin ajiyar kuma kuɗi ne mai nauyi duk wata. Lungunan unguwa ƙanana ne. Miji ya tafi aiki a jirgin ƙasa tun da sassafe. To ita uwa da keke take kai yaro gidan reno, ta wuce tasha ko wurin aikinta, da yamma ta ɗauko shi, ta biya kanti ta sayi cefanen daren, ɗan kifi, ɗan ganye, madara, abin da kwando zai ɗauka. Ba a buhu suke saye ba, kicin ɗin ma ba zai ɗauki buhu ba. Tun 2009 doka ta yarda uwa ta ɗauki yara biyu, gaba da baya, in keken an ƙera shi don haka. Tafiyar duk ba ta fi kilomita biyu ko uku ba, a kan kwalta mai santsi, a ƙasa shimfiɗaɗɗiya.

Wanda ya riƙe wannan a ransa zai gane abin da keken zai yi masa a nan da abin da ba zai yi ba.

Rashin sandar nan da aka yi min dariya a kai, shi ne abin da na fi so yanzu. An sauke ta ne don mace mai siket ta hau ba tare da ta ɗaga ƙafa ba. To mu da muke yawo da doguwar riga fa? A tsohon Phoenix na mahaifina sai ka tattare riga ka cusa a wando, ka wurga ƙafa ta baya kamar mai hawan doki. A wannan, zura ƙafa kawai nake yi na zauna. Da babbar riga na je Idi a kansa. Ragar da ke gefen ƙafar baya an yi ta ne don kada bakin siket ko ƙafar yaro su shiga wayoyi, ga shi tana tsare min bakin riga. Sarƙar a rufe take ruf cikin murfi, don haka shekara biyu ban ɓata ƙafar wando da baƙin mai ba, abin da uwargida ta fi ni lura da shi tunda ita ke wankin. Murfin yana kuma hana ƙurar hunturu cin sarƙar. Sau biyu kacal na sa aka buɗe aka ja ta.

Sai fitila. Wannan kam kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Ba irin dainamon da muka sani ba ne mai gogar taya yana kuka yana sa feda nauyi. A cikin tsakiyar ƙafar gaba yake, ba ka jin sa, ba batir, ba maɓalli. Duhu na yi fitilar za ta kama da kanta. Ranar farko da ta yi min haka, ina dawowa daga ta'aziyya bayan magariba, sai da na yi a'uziyya. Ɗan nawa ya ce a can laifi ne hawa keke da dare ba fitila, ɗan sanda zai tsayar da kai, shi ya sa suka yi wadda ba ta jiran ka tuna. A hanyar gona da damina, lokacin da macizai ke fitowa kan turba, ni na san darajarta.

Giyarsa uku ce, a ɓoye cikin tsakiyar ƙafar baya, an buga Shimano a jiki. Kamfani ne na garin Sakai kusa da Osaka, tun 1921 suke wannan sana'a. Ba ta taɓa ba ni matsala ba, kuma kana tsaye ma za ka iya sauya ta, wanda ke da amfani in rairayi ya tsayar da kai kana son tashi. Sitan ɗinsa mai ƙafa biyu ne, faffaɗa, yana ɗaga ƙafar baya sama, da wani ɗan maƙale da ke hana shi komawa. An yi shi ne don uwa ta ɗora yaro keken bai faɗi ba. Ni ina ɗora jarkar ruwa a haka. Kwandon kuwa, rajistar aji, alli, kwanon abinci, wani lokaci kaza, duk ya ɗauka. Ya ɗan lotse ta dama tun ranar da na cika shi da albasa a kasuwar Gujungu.

Ƙararrawa ma akwai labari. Ni dai in na shigo gari ina kaɗa ta ne a matsayin sallama: na kaɗa wa mai shayi, na kaɗa wa tela, yara su biyo ni suna cewa Malam ƙara. Da na gaya wa ɗan nawa sai ya ce a can dole ne keke ya kasance da ƙararrawa, amma kaɗa wa mai tafiya a ƙasa don ya kauce rashin ladabi ne, doka ma ba ta yarda ba sai in haɗari za a kauce wa. Mutum zai bi bayan tsohuwa a hankali har sai ta lura da kanta. Ya ce haka suke ko a jirgin ƙasa, cike maƙil amma tsit, ba mai amsa waya. Na ce to Allah ya ba su lada, mu a nan wanda ya wuce ka shiru shi ne mai girman kai. Ina jin ƙararrawar nan ta yi ƙara a wata na farko a hannuna fiye da duk shekarunta a Saitama.

Yanzu ga inda ya gaza, kuma ba kaɗan ba ne.

Rairayi abokin gabarsa ne. Tayoyin sirara ne, keken kuma da nauyi, ya kusa kilo 20. Akwai wani jigawa tsakanin garinmu da makaranta, tsawonsa bai fi mita 400 ba, amma daga Janairu zuwa saukar ruwa ban taɓa haye shi a kan sirdi ba. Sauka nake na tura, masu Phoenix mai faɗin taya su wuce ni suna gaisuwa. Da damina rairayin yana kwanciya, sai kuma taɓon fadama ya cushe tsakanin taya da murfinta, ƙafar ta ƙi juyawa, ka nemi tsinke kana sakata.

Ƙaya kuwa, ba a magana. Wanda ya ƙera tayar nan bai taɓa jin sunan tsidau ba. A kakar farko na yi faci goma sha ɗaya, na ƙirga, don a bayan littafin tsara darasi nake rubutawa. Abin da ya kawo sauƙi shi ne dabarar mai gyaran keken garinmu: ya yanka tsohuwar robar ciki ya shimfiɗa ta a cikin tayar kafin ya mayar da sabuwa. Keken ya ƙara nauyi, amma facin ya ragu zuwa ɗaya a wata biyu. Bawul ɗin dai an yi sa'a, irin na tsofaffin kekunanmu ne mai 'yar roba a ciki, kowane famfo na hawa. Girman tayar ne matsala. A jiki an rubuta 26 x 1 3/8. Kada wani ya ce maka duk 26 ɗaya ce. Ta keken tsaunin nan mai kaurin taya ita ma 26 ake ce mata, amma ba ta hawa wannan, na saya na yi asara. A ƙauye ba a samun ta, wani lokaci a Ringim ma babu, sai an aika Kano. Masu lamba 27 sun fi ni shan wuya.

Cire ƙafar baya kuma aiki ne na rabin yini. Murfin sarƙa, sitan, kariya, murfin taya, birki, giya, duk a kan ƙarfe ɗaya aka tara su, kowanne da wasa da notinsa, kuma in ba a mayar da su yadda aka same su ba wani abu zai goga. Mai gyaranmu ranar farko sai da ya jera su a kan tabarma ɗaya bayan ɗaya, yana cewa, "Malam, mutanen nan ba su son talaka ya ci abinci." Yanzu ya gane, ba ya cirewa in faci ne, zaro robar kawai yake ta gefe.

Sirdin ya yi min ƙasa. Matan Japan tsaka-tsakin tsayinsu bai kai santimita 160 ba, kuma sun fi son in sun tsaya tafin ƙafa ya taka ƙasa. Ni dogo ne. Na ɗaga shi iya ɗagawa, gwiwa ta ci gaba da ciwo, sai da aka samo min dogon ƙarfen sirdi na wani mataccen keke.

Kariyar laifina ne, ba nata ba. An buga 27kg a jikinta ƙuru-ƙuru, nauyin yaro da kujerarsa ke nan. A can babba ba ya goya babba a keke, laifi ne. Mu kuwa keken da ba ya goyo ai rabin keke ne. Na goya hedimastanmu sau biyu aka tsira. Sai na ɗora buhun taki mai kilo 50 daga kasuwa, na faɗa wani rami, wayoyi biyar suka tsinke lokaci guda, ƙafar ta karkace. Ranar a ka na kai takin gida, keken kuma a baro.

Wanda ya kusa kai ni asibiti shi ne birkin baya. Ba irin mai matse wili da roba ba ne, wani ɗan gwangwani ne a tsakiyar ƙafa da ɗamara a ciki. Bayan wata shida ya fara kuka, kuka irin na jaki da asuba, har karnuka na amsawa. In na taho gangaren bakin makaranta yara sun san Malam ya iso tun ban bayyana ba. Wani yaro mai gyara a bakin kasuwa, ba namu na gari ba, ya ce abu mai sauƙi, ya tsiyaya masa baƙin mai. Kukan ya tsaya cak. Birkin ma ya tsaya. Washegari a wannan gangaren garken awaki ya ratso, na matse, keke ya ci gaba da tafiyarsa kamar ban yi magana ba. Na damƙe na gaba, na tashi sama, na sauka a kan kafaɗa cikin ƙarangiya, a gaban 'yan aji uku. Da na ba ɗan nawa labari ya ce, "Ayya Baffa, ai da ka tambaye ni. Ko a can haka irin wannan birkin yake kuka in ya tsufa, da safe a bakin tasha kamar ana yanka. Ba a sa masa mai." An wanke da fetur, bai dawo daidai ba, sai da aka sauya gaba ɗaya. Sabon ma ya fara waƙarsa, na bar shi.

Makullin shi ya fi ba ni tunani. Wani zobe ne a manne a jikin keken, in ka danna sai ƙarfe ya ratsa tsakanin wayoyin ƙafar baya, mukullin ya fito ka sa a aljihu. In kana tafe mukullin na jiki, ba ya fita. Dabara ce mai kyau, ba ka mantuwa. Amma ba ya ɗaure keken da komai. Duk mai ƙarfin ɗaukar buhu zai saɓa shi a kafaɗa ya tafi. Na ce wa ɗan nawa lallai mutanen nan ba su san ɓarawo ba. Ya ce a'a, kada na ɗauke su mala'iku. Gaskiya ne in ka yar da walat akwai kyakkyawan zaton za ka same ta a ɗan ofishin 'yan sandan unguwa, wanda suke kira koban, da kuɗinka a ciki, shi ma ya taɓa samun wayarsa haka. Amma keke da lema su ne abin da aka fi ɗauka, satar keke tana sahun gaba a laifukan da ake kai rahoto. Yawanci ba don a sayar ba ne: wani ne ya sha ya bugu, jirgin ƙarshe ya wuce shi, ya ga wanda ba a kulle ba ya hau, ya yar a unguwarsu. Irin wannan ɓarawon zoben ya ishe shi. Sauran aikin rajista ke yi. Tun 1994 wajibi ne duk keke ya kasance da ita, a shagon da ka saya ake yi maka. Ɗan sanda zai tsayar da kai da dare cikin ladabi, ya karanta lambar ta rediyo, a gaya masa sunan mai keken. Ya ce shi da yake baƙo ne an tsayar da shi ya fi sau goma, har ya riƙa yawo da takardar a jaka. Wannan bai yi masa daɗi ba, bai kuma ɓoye ba.

A Gujungu ran Lahadi babu mai kiran kowa a rediyo. Na sayi sarƙa da kwaɗo, ina ɗaure shi a jikin turken rumfar wani mai goro da muka saba.

Na tambaye shi yadda aka yi keke mai lafiya haka ya baro masu shi. Ya ce hanya biyu ce ya sani. Ko dai an ajiye shi inda aka hana a bakin tasha, ma'aikatan ƙaramar hukuma suka kwashe a mota, mai shi bai je ya biya tara ya karɓa ba har wa'adi ya cika. A farkon shekarun 1980 irin waɗannan kekunan da ake zubarwa a bakin tashoshi sun kusa miliyan ɗaya, shi ya sa aka tsananta. Ko kuma yaron ya girma, uwar ta sayi mai batir, irin wanda Yamaha ta fara fitarwa a 1993, yanzu shi iyaye mata suka fi hawa. A can ba ka jefar da babban kaya a bola haka kawai. Sai ka kira hukuma, a ba ka rana, ka sayi sitika a kanti ka manna, wato kai za ka biya a ɗauke maka. Don haka in mai tara tsofaffin kaya ya zo ya ce zai ɗauka kyauta, godiya za a yi masa.

A nan ne muka yi musu. Shi ne ya taɓa ba ni labarin kalmarsu mottainai, wato takaicin a ɓarnatar da abu mai sauran amfani, har marigayiya Wangari Maathai ta Kenya ta ɗauke ta tana yaɗawa a duniya. Ya ce yaro ba ya barin ƙwayar shinkafa a kwano. Na ce to mutanen da ba su barin ƙwayar shinkafa, su ne ke biyan kuɗi a raba su da keken da ni na ba da albashin wata a kansa? Ya ce lissafi ne, Baffa. A 2023 mafi ƙarancin lada a can ya kai wajen yen 1,000 a awa a kuɗinsu, sabon keke mai araha aikin kwana biyu ne ko uku, hannun mai gyara kuma tsada gare shi. In taya da birki suka mutu tare, sabo ya fi sauƙi. Na fahimci lissafin, amma ban janye maganata ba. Phoenix ɗin mahaifina ya girmi ɗan nawa, kuma har gobe ƙanena yana kai hatsi niƙa a kansa.

Sitika ta ukun, ƙaramar ta can ƙasa, ita na bari ƙarshe kamar yadda shi ma ya bar ta ƙarshe a saƙonsa. A Caina aka ƙera keken. Ya ce mafi yawan kekunan da ake sayarwa a Japan yanzu daga can ake kawo su, sai dai ana ƙera su ne bisa ƙa'idar da kasuwar Japan ta gindaya. Ban koma na gaya wa mai shago ba. Ina jin shi ma bai sani ba, kuma rantsuwarsa ba ta faɗi ƙasa duka ba, tunda keken ya sha iskar Saitama. Ni dai abin da na gani shi ne fentin bai tashi ba, wilin bai yi tsatsa ba bayan damina biyu, alhali sabon da maƙwabcina ya saya a kwali wata ɗaya da ni tuni fedarsa ta karye sau biyu.

Wanda hanyarsa kwalta ce ko burji mai tauri, kayansa ba su wuce na kwando da ɗan abin ɗaurawa a baya ba, malami ne, ma'aikacin asibiti ne, ɗalibi ne, ya saya, ba zai yi da-na-sani ba. Mai kai buhu kasuwa ko mai ratsa jigayi kullum ya nemi mai sanda da faɗin taya. In za ka saya, ka murza gefen tayar da yatsa ka ga ko mai aka shafa, ka juya ƙafar gaba da hannu a cikin duhun shagon ka ga fitila ta kama, ka nemi mai lamba 26, ka kuma tambayi mukulli na biyu tun kuɗinka na aljihu. Nawa guda ɗayan na ɗaura masa jan zare, na kai wa masu yankan mukulli biyu a Kano duk sun ce ba su da irin bakinsa.

Bamagujen nan da ya fara yi min dariya ya aiko ɗansa aro sau huɗu, na ba shi sau uku. Matsalar da nake ciki yanzu ta cikin gida ce. Babbar 'yata ta shiga sakandaren je-ka-ka-dawo a garin da ke gaba da mu, ta kuma gano cewa da hijabinta har ƙasa za ta iya hawa ba abin da ya kama. Ta fara da "Baba, ara min na je na dawo", yanzu ni ke tambayar ta ko za ta fita da shi ran Asabar. Ta sauke sirdin ƙasa, ta ɗaure wa kwandon wani ƙyalle mai fure. Uwarta ta ce tunda dai an ce na mata ne, a bar wa masu shi. Na yi wa direban motar Kano magana ya tambayo min kuɗin wani, ya dawo ya ce yanzu sai na ninka abin da na biya, kuma masu kwandon sun fi saurin ƙarewa.